Gyaran Ƙafar Kyankyaso

A hutun makaranta na tara yaran gidan hayarmu a Zongo, na koya musu haɗa kyankyaso da ƙwallon dabino da tsinken tsintsiya. Da suka gama, na bi tabarma ina duba aiki kamar sufeto, har na tsaya kan wani.

"Wa ya yi wannan? Ƙafafun sun cika tsawo. Kyankyaso ba haka yake ba."

Ashe ƙirar Allah nake kushewa. Ina ɗaga shi, ya shige hannun rigata. A gaban matan gidan na tuɓe, ina salati.

Har yau in kyankyaso ya gitta, sai Hajiya mai gidan ta ce, "Ku kira sufeto, wannan ma bai yi daidai ba."