Ranar da Na Ce Batirin Bindiga Ya Mutu

Ko zan manta da komai na zaman Doha, ban da ranar da aka kai mu gadin wani baje-kolin kayan yaƙi. Ni dai mai gadi ne, makamaina rediyon oba-oba da tocila, amma in muka zauna shan shayi a Asian Town ranar Juma'a, ni ne malamin bindiga. Na haddace bidiyoyin sabbin bindigogin sojan ƙasa kaf: harsashi mai huda rigar sulke, madubin saiti mai kwamfuta da ke auna nisa da iska, har da matsalolinsu na nauyi da cin batir. (Ban taɓa cewa na yi soja ba. Na dai ƙyale mutane su ɗauka haka.)

Da muka isa, shugabanmu, wanda muke kira mudir, ya ce mutum ɗaya zai tsaya a rumfar bindigogi cikin sanyi, sauran kuma wajen ajiye motoci, cikin ranar nan mai narka takalmi. Abokaina suka nuna ni. "Ai wannan tsohon hannu ne!"

Muka shiga da mudir da Baba Sule, direban bas ɗinmu, wani dattijo ɗan Gusau da bai taɓa tanka wa surutuna na wajen shayi ba. Baturen rumfar ya miƙo min samfurin bindiga marar harsashi. Na karɓa da hannu ɗaya don burga, saura ƙiris ta kai ni ƙasa. Na daure, na kafa ta a kafaɗa, na kanne ido na leƙa madubin. Baƙi ƙirin.

Maimakon in yi shiru, sai na gyara murya. Da Turancina na gadi na shiga yi wa Bature lacca: ga irin abin da nake faɗa, batir ya mutu! A ce soja yana fagen fama madubi ya ɗauke, sai ya tafi neman wurin caji? Har da kaɗa yatsa nake yi. Wallahi ji nake kamfanin bindigar zai ɗauke ni mai ba da shawara.

Baba Sule ya matso a hankali, ya ɓalle wani ɗan murfin roba daga gaban madubin.

"Ɗana, sake leƙawa."

Na leƙa. Tar! Ga fuskar mudir ta cika madubin, idonsa a waje. Baba Sule ya danne bakin bindigar ƙasa.

"Kuma ba a saita mutum, ko babu harsashi. Abin da aka fara koya mana ke nan a bariki."

A bariki! Ashe tsohon soja ne nake yi wa darasi duk Juma'a. Kunya ta rufe ni, gumi ya karyo min cikin sanyin nan.

"Halas," in ji mudir da Larabci, wato shi ke nan. "Yalla, maza wajen motoci."

A can na gasu har aka tashi baje-kolin, kuma har yau a oba-oba "Batir" ake kirana. Na dai gane murfin madubi ne ake cirewa. Na baki kuwa, barinsa a rufe ya fi.