Bokitan Malam Ilu

"...ya ruwa kuma, angona?"

"Ruwa ya yi gyara. Tsallake bokitin nan, kada ki ɓarar mini da dukiya."

Ikilima ce, jikar Malam Ilu, ta biyo gidansa a unguwar New Bell daga ofis. Kwanon rufin tsohon ya zama rariya, bokitai ko'ina, har kan gado. Tun farkon damina yake tari, amma ya hana kafinta taɓa rufin. Tarin nan kuwa ya hana ta sukuni.

"Ni dai ban auri kwaɗo ba. Sabon kwano na saya, ka tashi a sauya."

"A Douala? Wace rana za a yaye rufi sama ta yi shiru? Wannan na san inda yake yoyo. Sabon fa?"

"Sabo ba ya yoyo, tsoho."

"Haka aka ce da kakarki ranar da aka kafa wannan. Ke da bakinki kamar rediyo, ba ke kika ce abin da ke tafiyar da kwamfutocin kamfaninku ya girme ki ba? Me kuke ce masa?"

"Logiciel. Ina ruwan mai haƙori biyu da shi?"

"Me ya hana ku sauya?"

"Jiragen ruwa ba sa daina shigowa. In muka kashe shi yini guda, kwantena ta cushe tashar ruwa. Ma'aikata sun san inda yake tsayawa, sun san dabarar tayar da shi. Patron kuma, wato shugabanmu, tsoro yake, in sabon ya ƙi aiki kansa za a sauke laifi."

"Ashe ku ma bokitai kuka jera, naku dai masu laktaye ne."

"Mun fi ka wayo. Na shawo kan patron, sashe-sashe za mu sauya, tsohon na aiki a gefe. Kai ma haka za a yi. A fara da ɗakin nan, ka kwana a zaure."

"Ba dabarar kai ni gidanki a Makèpè ki kulle ba ce?"

"Wa zai kai ka? Maƙwabta su ce na sayo tsohon janareta?"

Dariya ta kama shi, tari ya biyo baya, ya daɗe bai sake shi ba. Idon Ikilima ya ciko. Da ya lura, sai ya ɗauke bokitin kan gado, ya zubar da ruwan a tsakar gida, ya miƙa mata.

"Kira kafintan. Wannan kuma ki kai wa patron, ki ce mijinki ya gama da shi."