"Da Sauƙi" Ta Rufe Dosiyen Kawu Inusa

Jiya Kawu Inusa ya dawo daga Dogon Dutsi a kan amalanken jaki, ƙafar dama a miƙe kamar taɓarya. Ya je ne ya ƙaryata kansa. Bai iya ba.

Bara wasu likitoci baƙi suka yi masa aiki a gwiwa. Ciwon ya tafi, lanƙwasuwa ta bi shi. Sallah a zaune, kewayawa sai da dabara. Ga damina ta ƙarato, gonarsa a Kore Mairuwa tana jiran mai duƙawa.

Sai manyanmu, Allah ya ƙara musu sanyin ofis, suka ce a auna gamsuwar waɗanda aka yi wa aiki. Aka sayo mota biyu sababbi don awon. Aka turo wani ma'aikaci, Mushe Mukhtar, wato Malam Mukhtar a bakin 'yan boko, da takarda cikin Faransanci: kana iya hawa bene? Kana iya shiga bahon wanka? Ya duba garin, ba bene, ba baho. Sai ya taƙaita.

"Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi."

Ya sa alama a gurbin "ya gamsu matuƙa".

Mutum arba'in ya bi, kowa ya ce "da sauƙi". Nan ƙasar, ko wanda ake karanta wa Yasin ka tambaya, haka zai ce maka. Rahoto ya hau sama, ɗari bisa ɗari. An ci kaji.

Sai ga labari: likitocin za su dawo wata mai kamawa, amma waɗanda ba su gamsu ba kaɗai za su duba. Sunan Kawu ba ya ciki.

Matarsa, Inna Sahura, ta sa shi gaba kwana uku.

"Malam, ce: ba sauƙi."

"Haba Sahura! Ina numfashi, ina cin tuwo, in hwaɗa ma Allah haka?"

"Ba Allah za ka hwaɗa ma ba. Mukhtar ne."

Ya haddace.

A ofis can Dogon Dutsi, Mukhtar ya miƙe da ladabi, ya ba shi kujera, ya kawo ruwan sanyi.

"Sannu da hanya, Baba. Ya ƙarfin jiki?"

Kawu ya dubi ruwan. Ya dubi ɗan mutanen da bai yi masa laifin komai ba.

"Da sauƙi, ɗana."

"Madalla! Sau biyu ke nan." Ya buga hatimi, ya rufe dosiye, wato kundin takardun Kawu.

Yau da safe na ga Inna Sahura da hauyar Kawu a kafaɗa, ta nufi gona. Na rusuna.

"Inna, ya mai jiki?"

Ta buɗe baki. Ta rufe.

"Da sauƙi," ta ce.

Na waiga. Allah ya taimaka, ba mai takarda a kusa.