Wata Guda Ina Binne Ƙwai

Da a ce tun ranar farko na ɗauki ƙwaryar nan na kai masa baki, da ya ga kakar riɗi? Na tambayi malamai, na tambayi hakim, wato likita, kowa sai ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda kwana ne. Tambayar ce dai ba ta yarda ba, tana nan zaune da ni a ɗakin nan kamar baƙuwar da ta ƙi sallama.

Duk abin da tsufa zai kwashe mini, ba zai kwashe ranar da na miƙe tsaye a gidan biki da ƙwai a hannu ba. Ni ko alif ban sani ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini komai. Wadda ta tona wa kanta asiri a gaban matan unguwa, takarda za ta ji wa kunya?

Maigidana, wanda har ya koma ga Allah Malam nake ce masa, lebura ne. Da damina a kwashe su a mota zuwa gonakin Gedambaliya cirar ciyawa, da kaka yankan riɗi da dawa, da rani kuma dakon buhuna a kasuwar hatsi ta Gadarif. Allah bai bar mana ɗa ba, daga ni sai shi. A shekarar da nake ba da labari ya dawo daga kambo, sansanin leburorin gona, da tari, don wata biyu ya yi yana tsaye a bayan injin sussuka yana shaƙar ƙaiƙayi. Hakim ya ba shi magani, ya ce amma maganin ba zai kama ba sai da madara da ƙwai kullum. Madara da ƙwai! Mu da ba mu da ko kazar da za ta yi mana kuka. Kunu ne da safe, kisra, wainar dawa mai faɗi, da miyar busasshiyar kuɓewa da dare. Ban gaya wa kowa ba, don ni a lokacin gara yunwa ta kashe ni da a ce na roƙa. Na dai yi ta mita ni kaɗai a bakin murhu, na manta dangar kara ba ta riƙe magana.

Bayan dangar nan akwai Mihirat. Bahabashiya ce, Kirista, mijinta ya rasu, tana sayar wa leburori gahawa a tashar motoci. Tana da awaki biyu da 'yan kaji, da zanen gicciye a tsakiyar goshi. Shekara takwas muna maƙwabtaka, daga "kin kwana lafiya" sai "lafiya lau". Sau ɗaya ta taɓa miƙo mini gurasarsu mai tsami ta saman danga, na ce mun ƙoshi. (Ranar ko wuta ban hura ba.)

Wata safiya na buɗe ƙofa sai ga ƙwarya rufe da faifai, madara ce har da ɗuminta, a gefe kuma ƙwai biyu, kowanne da zanen gawayi a jikinsa. Kakata, wadda ta taso daga ƙasar Kano a ƙafa za ta Makka ta ƙare a nan, tun muna yara take ja mana kunne: ƙwai a bakin ƙofa ba abinci ba ne, aike ne. Ga mara lafiya a ɗaki, ga ƙwai, ga rubutu a jiki. Ni da ban iya karatu ba, ranar na karanta shi tsaf.

Na ɗauko sanda na tura ƙwan bayan ɗaki, na haƙa rami gindin dogonyaro na binne, na kwarara madarar a kai ina tofa duk abin da na haddace. Ƙwaryar kuma na cilla ta waje. Washegari ga ta ta dawo cike. Na sake binnewa. Haka muka yi ta yi. Ni ina mayar wa mai asiri kayanta, ita kuma tana tsintar ƙwarya wayam tana gode wa Allah mara lafiya na sha. Wata kyanwa ramammiya ta gano wurin, kafin sati biyu ta yi ɓul-ɓul, gashinta har sheƙi yake. Mai hankali da ya gane madarar lafiya ƙalau take. Ni cewa na yi kyanwar ma tasu ce.

Malam bai san komai ba, na ɓoye masa don kada hankalinsa ya tashi. Ina binne madara a bayan ɗaki, in wanke hannu, in shigo in miƙa masa tsinkakken kunu. Wuyan rigarsa kullum ƙara faɗi yake.

Da asubar wata rana na laɓe a jikin danga. Sai ga Mihirat tana tafe a hankali, ta durƙusa ta ajiye, ta taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu, bakinta na motsi. Shi ke nan, na kama ɓarauniya. Na tafi wajen wata mai duba da wuri a bayan kasuwa, na zayyana mata komai, har zanen goshin. Ta watsa wurinta, ta duba, ta ce, "Ina ganin mace mai alama a goshi." Na ce la ilaha illallahu, matar nan ta san aikinta! Ta ce irin wannan ba ya karyewa sai an tona shi a gaban jama'a.

Jama'a kuwa ta samu, don a satin nan Hajja Zainaba, babbar unguwarmu, take aurar da 'yarta. Ranar ƙunshi gidan ya cika da mata, wasu na zuba kisra, wasu na yankan albasa, turare ya turnuƙe. An kira Mihirat ta soya gahawa, don duk unguwar ba mai hannunta. Tana zaune a kan 'yar kujerarta tana fifita gawayi. Na ƙulle ƙwan safiyar a bakin mayafi, na shiga har tsakiyar gida, na tsaya kamar mai shela.

Na ce, "Jama'a, a saurara! Hajja, ki gafarce ni, yau sai na faɗa."

Hajja Zainaba ta ce, "Ke lafiya? Jikin Malam ne?"

Na ce, "Jikin Malam ne, kuma ga mai jikin nan zaune tana dafa muku gahawa." Na kwance ƙwan na ɗaga sama. "Ku duba rubutun! Wata guda cur tana ajiye mini wannan da madara a ƙofa, tana tofe-tofe. Me muka tsare miki, Mihirat? Filin kike so? Da ban tashi tsaye ina binnewa ba, da tuni an yi sadakar uku."

Ina jira ta musa ko ta zage ni, don na tanadi amsa. Ta ajiye maficin, ta dube ni, da Larabcinta mai karyayyen harshe ta ce, "Binnewa?"

Na ce, "Ƙwarai. Ba ɗigon da ya shiga cikinsa."

Ta ce, "Bai sha ba? Ya jara, maƙwabciyata, ko sau ɗaya bai sha ba?"

Sai hawaye. Ba ta ce na yi mata ƙazafi ba, ba ta ce komai a kan mutuncinta da na zubar ba. "Bai sha ba" kawai take maimaitawa, waken gahawa na ƙonewa a gabanta.

Hajja Zainaba ce ta matsa mata sai ta yi bayani, don ita ba ta so. Ashe azuminsu ne babba, na kwana hamsin da 'yan kai, wanda ba sa cin nama, ba madara, ba ƙwai. Ta ce abin da mutum ya hana cikinsa don Allah ba na kai wa kasuwa ba ne, na mai bukata ne, kuma a wajensu in an gan ka kana bayarwa ladan ya zube. Ta ji mitata ta danga. Ta ce, "Kuma na san ki. Da na miƙo da rana, cewa za ki yi kun ƙoshi."

Wata daga cikin matan ta ce, "To rubutun fa?"

Ta ce, "Wane rubutu? Na ranar nake shafa wa gawayi, kada in ba mara lafiya tsohon ƙwai."

"Tofin fa?"

"Addu'a ce. Ko ku ba kwa yi wa naku?"

Wata tsohuwa mai suna Inna Kulu, wadda bakinta ba linzami, ta tafa hannu ta ce, "Wayyo ni! Mihirat, don girman Allah ni ma a yi mini irin wannan asirin. Ƙofata mai shuɗin fenti ce, kuma ƙwai uku nake so." Gidan ya ɓarke da dariya, har amarya ta leƙo da ƙunshi a ƙafa. Wata ta ce shi ya sa dogonyaron gidana ya fi na kowa ganye. Ni kuwa ina tsaye, hannu a sama, na rasa inda zan kai ƙwan nan. In ajiye, a ina? In mayar bakin mayafi? Ƙarshe dai da shi na fita, na bar takalmina ɗaya a can. (Har yau akwai tsofaffin da in an ce Mai Binne Ƙwai sun san gidan da ake nufi.)

Dariyar mata ba ta kai shiga ɗakinmu wuya ba. Na durƙusa gaban Malam na faɗa masa komai, ina jiran ya ce in tattara kayana. Sai na ga kafaɗunsa na rawa. Dariya yake, tari na tsinke ta. Da ya samu numfashi ya ce, "Wato wata guda ina fafatawa da kyanwa a kan madara, kuma ita ta ci?" Na fashe da kuka. Ya ce, "Bar kukan. Tsoron rasa ni ne ya sa ki. Amma gobe ki je ki ba baiwar Allah haƙuri."

Ban samu zuwa ba, ta riga ni. Gari na wayewa na ji sallama, karo na farko a shekara takwas da ta tako cikin gidana. Ta wuce ni da ƙwaryarta, ta miƙa wa Malam, ta tsaya a kansa har ya shanye. Sannan ta juyo ta ce, "Daga yau ba ta hannunki." Na kama gefen zanenta ina neman gafara, ta ɗaga ni ta ce, "Halas, ya wuce, ya jara. Ni ma kullum yafe mini ake. Soya masa ƙwan, kada ki cika mai." Ba ta sake tayar da zancen ba, ko da wasa. Matan unguwa in sun tsokane ni a gabanta, ita ce mai cewa a bar ta haka.

Azuminsu ya ƙare, suka yi idinsu, na ɗauka madara ta ƙare ke nan tunda yanzu tana iya sha, tana iya sayarwa. Ba ta fasa ba. A nan na lura yatsunta duk sun kumbura da sanyin ƙashi, da kyar take matsa hantsar akuya. Da waɗannan yatsun ta tatsi duk abin da na zuba wa ƙasa. Sai na fara zagayawa kowace safiya ina taya ta. Ba ta taɓa ce mini in bi addininta ba, ni ma ban ce mata ba. In lokacin sallata ya yi ta shimfiɗa mini buhu mai tsabta, in ta tsaya tata addu'ar ni kuma in riƙe akuya.

Malam ya ɗan murmure, har ya kan fito bakin ƙofa ya ga motocin leburori na wucewa. Amma ciwon ya riga ya ci ƙarfinsa. Ita Mihirat bayan wasu shekaru danginta suka zo suka tafi da ita ƙasarsu, ban sake jin labarinta ba. Yanzu bayan dangar nan wasu ne da ban san sunansu ba. Na kan buɗe ƙofa da safe in duba ƙasa, ba don ina jiran komai ba.

In akwai abin da na koya, shi ne tambaya ta fi haƙa rami sauƙi. Taku goma ne tsakanin ƙofata da tata, na gwammace in yi wata guda ina fama da busasshiyar ƙasa da in taka su.

Ranar da Malam zai tafi, an yi ruwan farko, ƙasa na ƙamshi, ana jin taraktoci sun nufi gona. Na ga numfashinsa bai yi mini ba, na ce yau ba zan je taya Mihirat tatsa ba, zan zauna. Ya buɗe ido ya harare ni irin ta wasa. Na tafi, ban fi rabin sa'a ba, na dawo da ƙwarya cike da ɗuminta, na tarar rai ya yi halinsa. Abin da ya ce mini kafin in fita shi ne:

"Tashi ki je, hannunta na ciwo. Ni ina za ni? Ina nan."