Ranar da Zakaran Ingila Ya Yi Mana Fito

Jiya, jama'a, tun hantsi nake tsaye a mashigin hanyar Kirikasamma, ruwa har gwiwa, buhun shinkafa a ka. Ambaliya ta cinye hanya. Gadar da aka yi mana alkawari tun zamanin sule da sisi kuwa tana nan lafiya cikin takarda, inda ruwa ba ya taɓa ta. Kwalekwale guda hukuma ta ajiye mana, Allah ya saka mata.

Hamman mai fito ya iso, mun yunƙura ke nan sai wani masinja mai gajeren wando ya ɗaga hannu, ya ce mu dakata manyan baƙi su fara shiga. Na rusuna da buhun a ka don in gai da su. Ashe kaji ne cikin keji, biyar da zakaransu, na Ranka-ya-daɗe Mai Babbar Kujera. A jirgin sama aka kawo su daga Ingila, za a kai su gasar kaji a Kano.

Masinja ya ce kowaccensu tana da takardar asali har kaka na bakwai. Ni da nake ɗan Adam, a kakan babana lissafina ya tsaya. Ya ce ba sa cin dusa, ba sa shan ruwan kogi, kuma warin talaka yana hana su ƙwai. Don haka su kaɗai za su hau, da laima, mu jira sawu na biyu in rana ba ta faɗi ba.

Maƙwabciyata Iya Fanna, mai sayar da bandar kifi, ta ce in kasuwar Haɗeja ta tashi kafin ta isa, jikokinta ba tuwo. Masinja ya ce ta rubuto koke.

Ana ɗaga kejin sai ƙofarsa ta buɗe. Zakaran ya yi fiffike ya faɗa cikin kacalla, doguwar ciyawar nan da ta cika ruwan. Masinja ya fara gumi, yana roƙonmu mu taimaki ƙasa. Ni dai ƙafata ta ƙi motsi. Iya Fanna ce ta ɗaure zani, ta kutsa, ta fito da shi riƙe a ƙafafu, kai ƙasa kamar na kowa.

Masinja ya miƙo hannu. Ta mai da zakaran bayanta.

"Ɗana, a hannuna zai ƙetare, kuma da jama'ar nan duka. In ba haka ba, yau zan ga ko naman Turai yana karɓar yaji."

Sawu uku Hamman ya yi, yana tuƙi yana danne dariya. Iya Fanna ta hau na ƙarshe, masinja na riƙe wa zakara laima, inuwar na sauka a kanta.

Ba na zuga kowa, ni mai biyayya ne. Amma na ji an ce Ranka-ya-daɗe ya yi odar agwagi, kuma mutanen unguwarmu, da suka shekara uku suna neman famfo, sun fara koyon iyo.