Dunƙulen Zuciya na Alhaji Waliyyu

Idan ana zancen manyan mutanen Aliero, da Alhaji Waliyyu ake farawa. Shi da kansa ya ba da shawarar a riƙa farawa da shi, kuma har yau bai ga dalilin janye shawarar ba. Dillalin albasa ne, amma kalmar dillali ta yi masa kaɗan, don haka 'yan kasuwa suka laƙaba masa Gwamnan Albasa. Su da wasa suka faɗa. Shi bai ji wasan ba, ya sa aka rubuta a bayan motarsa.

Gaskiya Allah ya ba shi ido. Daga nesa yake kallon buhu ya gaya maka ko albasar garin Kashin Zama ce. A wurin tantance albasa kuwa, sai ka rantse alƙali ne a kan shari'a: manya su hau mota zuwa Kudu, matsakaita su tafi Jega, ƙanana ya ture su da gefen takalmi. Da wannan ma'auni yake auna duk abin da ke duniya, mota da rago da hula, har da surukai. Abin da bai cika tafin hannu ba, bai kuma sa ido hawaye ba, a wurin Alhaji bai kai abu ba.

Ana nan sai zuciyarsa ta koyi tafiyar ɗan akuya: ta ruga, ta tsaya, ta yi tsalle biyu, ta tsaya tana tunani. Da fari ya ce haka zuciyar manya take, al'amuran jama'a ne suka yi mata yawa. Da ya kai ga yin haki tsakanin zaure da masallaci, matarsa Hajiya Iklima ta tasa shi gaba sai asibiti.

Likita Rahma ta gwada shi, ta yi masa bayani a tsanake. Bugun zuciyarsa ya bar ƙa'ida. Idan aka bar shi haka, jini na iya taruwa a cikinta ya yi guda, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya shanye masa ɓarin jiki. Hajiya Iklima ta dafe ƙirji, don ta yi jinyar kawunta da wannan cuta ta kwantar, ta san yadda ake juya babban mutum a kan tabarma. Alhaji kuwa daga duk bayanin abu ɗaya ya kama, wato zuciyarsa ba irin ta sauran mutane ba ce.

"Wanga na san shi tun ina yaro," in ji shi.

Sai likita ta ba shi ƙwayoyi iri biyu, ɗaya mai lallashin bugun, ɗaya mai hana jini yin guda. Alhaji ya zuba su a tafin hannu. Ɗayar ta ɓuya a layin tafin, sai da ya karkata hannun wajen taga ya gan ta.

"Ɗiyata," ya ce, "wanga magani na, ko irin shuka? Ni Waliyyu, ko gyara ba ni ba mai saye abu kamar wanga, kunya za ta kama ni. Ki dubi girmana, ki dubi girman ciwon, ki dubi abin da kib ba ni."

A gida ya ajiye su a kan taga, inda ake ajiye abin da ba a son jefarwa a gaban mai shi. Ya aika garin Maiyama aka sayo masa na ganye, irin na kwalba mai hoton zuciya tana dariya. Waɗannan sun fi girma, korra ne kuma, amma da ya jinjina su a hannu ya sa su a layin matsakaita. Nan ya gane duk duniya babu mai yin magani daidai da shi, sai ya tausaya wa duniya ya shiga aikin da kansa.

Tafarnuwa, citta, zogale, kanumfari, masoro, da busasshiyar albasa ta fitar kunya. Aka daka, aka kwaɓa, aka cura kowane ɗaya kamar curin fura. Kullum da hantsi sai ya fito ƙofar gida, inda masu wucewa za su amfana da gani, ya riƙe dunƙule da hannu biyu yana gatsa, hawaye na zuba.

"Kun gani?" yake ce wa jama'a. "Maganin da bai sa ka kuka ba, ya raina ka."

Amfanin bai tsaya a kansa ba. Sauro ya ƙaura daga ɗakinsa. A masallaci, liman ya gaji da cewa a cike sahu, don gefen Alhaji dama da hagu kullum akwai filin da jaki zai kwanta. Alhaji ya ɗauki wannan a matsayin girmamawa. Zuciyar ce kawai ba ta sami labari ba, ta ci gaba da tsalle-tsallenta.

"Baban Ni'ima," Hajiya ta ce masa, "ina jin hakinka daga madafa. Don Allah mu koma wurin likita."

"Hajiya, hakin nan ciwon na ka hita. Da ta ina kike so shi bi?"

Mutum irin Alhaji ba ya ɓoye alheri. Ya sa aka cura buhu-buhu, ya shirya bikin ƙaddamarwa ranar kasuwar Jega, da rumfa da kujeru da lasifika. Saura hujja. Asibiti suna da na'ura mai zana layi a takarda, amma wa ya taɓa yin rawa da takarda? Sai ya ɗauko Garba mai kalangu, ya umarce shi ya kafa kunne a ƙirjinsa ya kaɗa abin da ya ji daidai, jama'a su taka rawar lafiyayyar zuciya.

Garba mutum ne mai riƙon amana. Ya kafa kunne, ya rufe ido, ya kaɗa. Tin. Tindin-tindin-tin. Shiru. Tin. Masu rawa suka ɗaga ƙafa, kiɗa ya tsaya, suka tsaya da ƙafa a sama kamar zalɓe. Kafin su sauke, kiɗa ya ruga ya bar su. Biyu suka yi karo. Wani dattijo daga Dangamaji ya koma kujera ya ce gwiwarsa ba ta yi da shi haka ba.

"Garba, yi kiɗin mutunci mana!"

"Ranka shi daɗe, abin da tac ce shi nika maimaitawa. Ita ka canza waƙa."

Alhaji ya karɓi lasifika ya sanar da cewa wannan kiɗan manya ne, ba a yi masa rawar talakawa. Ya ɗaga dunƙule sama don na baya su gani. Sai hannun ya saki da kansa. Dunƙule ya faɗi ya gangara ƙarƙashin kujeru, bakin Alhaji ya karkace, maganarsa ta cakuɗe. Jama'a suka zaci ya juya harshe zuwa Turanci, suka fara tafi. Hajiya Iklima kaɗai ta san wannan fuskar. Ta ratsa tsakiyar maza, gyale na jan ƙasa, tana kiran a kawo mota.

Allah ya taƙaita. Hannun ya dawo, maganar ma ta dawo, kuma abin da ya fara yi da ita shi ne ƙorafin gadon asibiti ya yi masa kaɗan. Likita Rahma ta ce wannan gargaɗi ne, na gaba ba lallai ya mayar da abin da ya ɗauka ba. Ta kuma hana dunƙule, don tafarnuwa da citta masu yawa haka, a kan maganin jini, suna iya jawo zubar jini. Alhaji ya juya fuska bango ya haɗiye ƙwayarsa. Bango bai gaya wa kowa ba.

Saura buhunan da suka cika ɗaki. Hajiya ta rarraba wa maƙwabta don ta sami wurin shimfiɗa. Wata ta gutsura kaɗan ta jefa a miyar kuka, mijinta ya nemi ƙari har ya tambaya ko baƙi za a yi.

Ba a daɗe ba labari ya iso cewa tawaga daga Jega da Aliero da Maiyama tana tafe don karrama shi kan abin da ya ƙirƙiro. Alhaji ya sa babbar riga mai aska, ya shirya jawabi kan sirrin zuciyar ɗan Adam. Tawaga ta iso, mata zalla, masu tuwon sayarwa, Hajiya Zubaida ta tashar Jega a gaba.

"Alhaji, mun zo godiya," ta ce. "Tun da muke tuƙa tuwo ba mu ga kayan miya irin naka ba. Ko miyar jiya ta, shina tashe ta."

"Zucciya hwa?" ya tambaya a hankali.

"Ai ba mu gwada da zucciya ba tukuna. Amma da ƙahwar saniya, sai wanda yac ci."

Suka miƙa masa sabon ludayi, suka ce daga yau shi ne Sarkin Miya. Alhaji ya jinjina ludayin a hannu. Sannan ya tambaya ko akwai wani Sarkin Miya a duk faɗin Kebbi. Aka ce babu. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya zai fara jawabi, sai ga Hajiya Iklima da kofin ruwa.

"Sarkin Miya, buɗe baki. Lokacin magani ya yi."