Makullin Ɗakin Firij da Rantsuwata

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Talata ba, ko da kuwa na so in manta, don matan ƙauyukanmu ba za su bar ni ba. Har yau in na shiga kasuwar Karaye, sai in hango wata ta zunguri 'yar'uwarta suna murmushi, ni kuwa in gyara hijabi in duƙa kamar ina zaɓen tumatir.

Ina aiki ne a wani ɗan asibitin sha-ka-tafi da ke tsakanin Karaye da Rogo. Ni ba nas ba ce, kar ku ɗauke ni da girma. Da shara na fara. Bayan na yaye ɗana na biyar na shiga ajin yaƙi da jahilci, da na gama sai aka ɗora ni a teburin kati: in rubuta sunan uwa, sunan jariri, da ranar da za su dawo. Rubutuna a hankali yake tafiya kamar ni kaina, amma dai ana karanta shi. Kuma da yake ni nake riga kowa zuwa, a hannuna ake barin makullin ɗakin firij, inda ake ajiye alluran rigakafin yara. Duk ma'aikata Gwaggo suke ce mini, har waɗanda suka girme ni.

Shugabarmu ita ce Sista Binta, mace mai son tsari. Wata rana maigadinmu, Baba Ilu, ya kaure da cacar baki da wani mai babur a bakin ƙofa. Wannan ya rantse, wancan ya rantse, daga nan aka koma ashar, irin wanda sai da wata mai ciki ta toshe wa 'yarta kunne. Da aka tashi Sista ta tara mu.

Ta ce, "Daga yau ba ashar, ba rantse-rantse a harabar nan. Nan wurin aiki ne, kuma sunan Allah ya fi ƙarfin rigimar wurin ajiye babur. Salati ban hana ba, wa ya isa ya hana? Amma a yi shi a hankali, kar a tsorata marasa lafiya."

Baba Ilu ya cire hula ya sosa kai. "To Sista, in ban ce wallahi ba wa zai yarda da ni? A garin nan fa ko ruwa ka ce babu a randa, sai ka rantse kafin a daina leƙawa."

"Ga Gwaggo nan," in ji Sista, ta nuno ni. "Shekara nawa tana aiki a nan? Wa ya taɓa jin ta rantse? Kuma wa ya taɓa ƙaryata ta?"

Jama'a, na sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, amma a cikin raina (Allah ya yafe mini) sai da na ji kamar an ɗaura mini sabon leshi. Daga ranar na naɗa kaina mai gadin bakin mutane, ba tare da kowa ya sa ni ba. In wata ta ce, "Wallahi na gaji," sai in ce da 'yar muryar nan tawa, "Haba 'yata, ki ce kin gaji kawai mana, ai mun yarda." Ba na ɗaga murya, ba na ɓata fuska. Sai daga baya na gane irin wannan gyaran ya fi faɗa ciwo.

A cikin watannin ne aka ɗauki Hansai ta maye gurbina a shara. Mace ce babba, 'yar wajen Zoza da aure ya kawo ta ƙauyenmu, 'ya'yanta huɗu, mijinta kuma ciwon baya ya hana shi noma. Gwaji aka ɗauke ta na wata uku, in ta yi kyau a tabbatar da ita. Ranar da ta fara ni ce ma na ja ta gefe na karanta mata dokar: "Nan ba a rantsuwa, kin ji? Sista ba ta so." Ta ce, "To, Gwaggo, na gode." Saura mata mako ɗaya gwajin ya cika abin ya faru.

Talata ita ce ranar rigakafi. Tun hantsi bai ɗaga ba mata suka cika baranda, wasu sun tako da ƙafa daga rugage da goyo a baya, wasu an sauke su a babur. Na shimfiɗa katunana, Sista ta sa safar hannu ta ce, "Gwaggo, buɗe mana ɗakin firij." Na zuge 'yar jakata inda nake sa makullin kullum. Babu. Na zazzage ta a kan tebur: biro, carbi, man zafi, wayata. Babu makulli.

Nan take na tuna. Jiya da la'asar na ba Hansai ta goge ɗakin. Zuciyata ta yi sanyi, na ce, "Af, yana wurin Hansai."

Aka kira ta, ta zo da tsumman goge-goge a hannu. Ta ce, "Ai na dawo miki da shi, Gwaggo. Kina cike katin matar nan da ɗanta ya yi zazzaɓi, na miƙa miki kika karɓa."

Na ce, "A'a, Hansai. Ki dai tuna."

"Na ba ki, Gwaggo."

Aka duba ƙarƙashin benci, aka duba bokiti, aka duba bayan ƙofa. Rana ta fara zafi, jarirai suka fara kuka ɗaya bayan ɗaya kamar sun haɗa baki. Wata Bafulatana ta ce ita fa ta baro nono bai gama sayuwa ba. Sista ta cire safar hannu, ta dube ni, ta dubi Hansai, ta ce, "Ɗayarku dai ta san inda yake. Gwaggo, kin tabbata ba a hannunki ya kwana ba?"

Wannan tambayar ce ta kwance ni. Ni? A gaban mata sun fi talatin, a tambaye ni ko na tabbata? Wani abu ya taso mini daga ciki wanda ban san ina da shi ba. Na miƙe tsaye. Na ɗaga yatsa sama. Muryar da ko 'ya'yana ba su san ina da ita ba ta fito.

"Wallahi tallahi, na rantse da Allah, na rantse da Alƙur'ani mai girma, yarinyar nan ba ta ba ni makulli ba! In ta ba ni kar Allah ya kai ni Juma'a!"

(Yarinyar nan, in ji ni. Matar da ke da 'ya ta isa aure.)

Baranda ta yi tsit, har jariran kamar sun saurara. Baba Ilu ya leƙo daga bakin ƙofa, baki buɗe. Sai mata suka fara ƙus-ƙus: "Kai, tunda Gwaggo ta rantse, ai magana ta ƙare." Wata ta ce wa Hansai, "Ke baiwar Allah, in kina da gaskiya ki rantse mana kamar yadda ta yi."

Hansai ta dubi Sista, ta dube ni. Idonta ya ciko. Ta ce, "An ce mini ba a rantsuwa a nan. Ni dai na ba ta."

Ba wanda ya yarda da ita. Ku duba fa: ni na karya dokar, ita ta kiyaye ta, kuma ni aka gaskata. Sista ta ce a hankali, "Hansai, in makullin ɗakin magani ya ɓata a hannunki, ba zan iya sa miki hannu a takardar tabbatar da ke a aiki ba. Kin dai gane." Hansai kuwa sai matse tsumman take yi ruwa na ɗiga a kan ƙafarta.

Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labarin da zan ba ku, kuma da Hansai tana gida ba aiki. Amma Allah ya so ta da rahama, ni kuma ya so ya nuna mini kaina. Kaina ya riga ya ɗau zafi, na ce, "A caje kowa! Kuma a fara da ni, don kar a ce na fi wani." Na ɗage hijabi na kakkaɓe. Na juya aljihun riga. Sai na kamo haɓar zanina, inda na ji wani ɗan ƙulli, na ce da ƙarfi, "Wannan ma goro ne, ga shi ku gani," na kwance.

Goron ya faɗo. Makullin ya biyo shi, ƙwal, a kan siminti, ya yi tsalle ya tsaya daidai gaban takalmin Sista.

Sai a lokacin abin da ya faru jiya ya dawo mini tar. Ina cike kati, yaro na kuka, hannu ya miƙo mini abu, na karɓa da hagu ban ko ɗago ba, na ƙulle a haɓar zani tare da goron da wata ta ba ni, kamar yadda uwata take yi, kamar yadda kakata take yi. Jaka sabon abu ce a wurina, hannuna bai gama saba mata ba. Da safe kuma zanin jiya na sake ɗaurawa.

Abin da ya fito daga bakina shi ne "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," kuma ba a hankali ba. Wato a cikin minti goma na karya dokokin duka biyu, ta rantsuwa da ta salati a hankali.

Wata tsohuwa da ta kawo jikanta ta tafa hannu ta ce, "Kai! Yau dai shari'a ba ta jira Lahira ba." Baranda ta fashe da dariya. Baba Ilu sai da ya dafa bango. Sista ba ta yi dariya ba. Ta duƙa ta ɗauki makullin, ta miƙa wa Hansai, ta ce, "Buɗe mana." Ni kuwa na koma teburina na zauna, na cike kati talatin da wani abu ban ɗago kai ko sau ɗaya ba. Kowace uwa ta zo sai ta ce, "Sannu, Gwaggo," irin sannun da ake yi wa wanda ya faɗi a hanya.

Ranar Alhamis na je wurin Malamarmu ta Islamiyyar matan aure. (Ba zan ɓoye ba, da Juma'ar nan da na ambata a raina na je. Laraba ko tari na yi sai gabana ya faɗi.) Na zayyana mata komai, na ce a shirye nake in yi kaffara, ko ciyarwa ko azumi, duk wanda ya hau kaina. A gaskiya so nake ta ɗora mini abu mai nauyi in yi in huta.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce a yadda aka karantar da su, wanda ya rantse a kan abin da ya sakankance haka yake, daga baya ya ga ya yi kuskure, babu kaffara a kansa, sai istigfari da kiyaye harshe. Har na fara hamdala sai ta ce, "Amma ita baiwar Allahn da kika tozarta fa? Wannan ba azumi ke wanke shi ba. Kin je kin same ta?"

Na ce, "Malama, ba za a iya haɗa mini da azumin ba kawai?"

Ta yi dariya ta ce, "Tashi ki tafi."

Azumin kwana uku ya fi mini sauƙi a kan tafiyar nan zuwa gidan Hansai, ko da yake bai fi taku ɗari biyu daga gidana ba. Na yi sallama na tarar tana ɓarar gyaɗa. Ta shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa, ya gida, ya yara, ya mai jiki, har gaisuwar ta ƙare ban sami bakin magana ba. Sai na ja kwaryar gyaɗar na kama ɓara. Can dai na ce, "Hansai, na zalunce ki. Ki yafe mini."

Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. Sannan ta ce, "Gwaggo, kin san abin da ya fi ba ni ciwo? Ba rantsuwar ba ce. Da kika rantse sai ni kaina na fara tunanin ko ban ba ki ɗin ba." Ta share ido da gefen mayafi, sai kuma ta yi 'yar dariya. "Amma muryar nan, a ina kike ɓoye ta? Har bakin titi aka ce an ji ki."

Na ce, "Ni ma ranar muka fara haɗuwa da ita."

Ta ce ta yafe duniya da lahira. Na ce ban gama ba, tunda a gaban jama'a na ɓata ta, a gaban jama'a zan gyara. Talatar da ta zagayo, kafin a fara allura, na tashi a baranda na faɗa da bakina cewa Hansai gaskiya ta faɗa, ni ce na yi kuskure. A makon Sista ta sa mata hannu a takarda. Yanzu shekararta ta biyu ke nan tana aiki, kuma ta shiga ajin yaƙi da jahilci, har ta fara taya ni cike kati.

Dokar tana nan ba a soke ta ba, sai dai Sista ta ƙara mata abu ɗaya: in magana ta haɗa mutum biyu, ba za a ƙara tambayar wa ya rantse ba, za a tambayi wa ya duba. Har Baba Ilu ya yarda da wannan, ko da yake shi har gobe wallahi na kufce masa. In ta kufce sai ya kalle ni ta gefen ido yana jira. Ni kuwa in ci gaba da rubutuna.

Abin da na koya ba mai daɗin faɗa ba ne. Duk shekarun nan na ɗauka tsoron Allah ne kaɗai ya tsare bakina daga rantsuwa. Ashe har da cewa ba wanda ya taɓa tsare ni da tambaya a gaban mutane. Yanzu in an yabi haƙurina sai in ce, "Ku dai bari a taɓa ni tukuna."